Goge kwamfuta a ɗora sabuwar Windows: Abin da lasisin ciko ya halatta da abin da ya hana

A wurin masu gyaran kwamfuta na Kano, kusan kowace cuta maganinta ɗaya ne: fomat. Kwamfuta ta yi nauyi, ko ta kamu da ƙwayar cuta, ko ta ƙi tashi gaba ɗaya, sai a goge duk abin da ke rumbun ajiyarta a ɗora mata sabuwar Windows daga filashi. Malamin makaranta ko mai shagon buga takardu da ya taso daga Unguwar Tudu a Ƙaramar Hukumar Gwarzo, ko daga Garo a Ƙaramar Hukumar Kabo, yakan biyo titin Gwarzo ya wuce Rimin Gado da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya kai na'urarsa Titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre, kafin la'asar an gama masa. Idan allon ya nuna cewa Windows ɗin ta kunnu, shi ke nan, an rabu lafiya. Da wuya a ji wani ya tambayi wane irin lasisi aka ɗora, ko kuma ina wanda kwamfutar ta zo da shi ya tafi, alhali sau da yawa wanda aka goge ɗin ya fi wanda aka ɗora daraja.

Faifai daban, izini daban

Kamfanin Microsoft ba ya sayar da Windows yadda ake sayar da buhun masara. Abin da mai saye yake biya shi ne izinin amfani da manhajar bisa wasu sharuɗɗa, izinin da ake kira lasisi. Faifai ko filashin da ake ɗorawa da shi abin dako ne kawai. Yau ma kowa yana iya sauko da Windows kyauta daga shafin kamfanin ya zuba ta a filashi mai girman gigabait 8, babu laifi a ciki. Haka kuma jerin haruffa da lambobi 25 da ake kira mabuɗi ba shi ne lasisin ba. Shaida ce da ake gabatarwa don manhajar ta kunnu. Mabuɗi yana iya buɗe ɗakin da ba na mai riƙe da shi ba.

Lasisin da ya fi yawa a hannun jama'a shi ne wanda kamfanonin ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suke haɗawa da na'urar tun daga masana'anta. Shi ne mafi araha, amma a ɗaure yake da wannan na'ura: tare suke rayuwa, tare suke mutuwa, ba a cire shi a kai wa wata. Idan an sayar da kwamfutar, yana bin ta zuwa hannun sabon mai ita. Akwai kuma cikakken lasisi da mutum yake saya shi kaɗai a kwali ko ta intanet, wanda yana da damar ya ɗauke shi daga wata kwamfuta ya mayar kan wata, matuƙar ba a kan biyu yake aiki a lokaci guda ba. Na uku shi ne wanda ya jawo gardama shekara da shekaru, wato lasisin ɗaga tsohuwar Windows zuwa sabuwa, wanda ya fi dacewa a kira shi lasisin ciko.

Duk wanda ya taɓa sauya waya a Farm Centre ya san ciko. Mutum ya kawo tsohuwar wayarsa, a yi mata kuɗi, ya ƙara wani abu a kai, ya tafi da sabuwa. Abu biyu ne ba a musu a kansu a wannan ciniki. Wanda ya zo hannu rabbana ba shi da hurumin neman farashin ciko, kuma wanda ya yi ciko ba ya komawa gida da tsohuwar wayar. Sharaɗin Microsoft ke nan daidai. Yarjejeniyar Windows 7 ta tanadi cewa sai wanda yake da lasisin tsohuwar Windows da ta cancanta ne zai yi amfani da ciko, kuma da zarar ya ɗora sabuwar, ba shi da sauran ikon amfani da tsohuwar. Ba zai ba ƙaninsa faifan XP ya ɗora a wata na'ura ba, domin lasisin XP ɗin ya riga ya zama harsashin da sabuwar take tsaye a kai.

Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Lokacin da Windows 7 ta fito ranar 22 ga Oktoba, 2009, ana sayar da cikakkiyar Home Premium dala 199.99 a Amurka, ta ciko kuwa dala 119.99. Nau'in Professional cikakke dala 299.99, na ciko dala 199.99. Abin da ke cikin faifan kuwa iri ɗaya ne. Mabuɗi da sharaɗi ne suka bambanta.

Shin goge rumbu ya saɓa wa sharaɗin?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da wasu masu gyara. Kalmar ciko tana bayani ne a kan lasisi, ba a kan hanyar ɗorawa ba. Ana iya ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa a bar fayiloli da manhajoji yadda suke, ana kuma iya share komai a fara daga farko. Mai lasisin ciko yana da damar bin kowace daga cikin hanyoyin biyu. Hasali ma, wanda zai tashi daga XP zuwa Windows 7 ba shi da zaɓi sai ya ɗora ta sabuwa fil, domin kamfanin bai tanadi hanyar hawa kai tsaye tsakanin su biyun ba. Haka ma wanda zai sauya daga nau'in bit 32 zuwa na bit 64. Abin da aka hana shi ne ɗora ciko a kan na'urar da ba ta taɓa mallakar lasisin da ya cancanta ba: wadda aka harhaɗa a shago daga sassa daban-daban, ko wadda ta zo babu komai a cikinta, ko wadda Windows ɗin da ke kanta tun asali ta bogi ce.

Matsalar kamfanin ita ce yadda zai tantance. A zamanin Windows 98 da XP abin da sauƙi: ana cikin ɗorawa sai manhajar ta nemi a saka mata faifan tsohuwar Windows, ta duba shi, ta ci gaba. Aron faifan maƙwabci ya isa a tsallake wannan shinge, kuma kowa ya san haka. Da Windows Vista ta fito a watan Janairun 2007 sai aka soke duba faifai, aka ce dole a tarar da tsohuwar Windows tana zaune a kan na'urar. Ba a jima ba aka gano cewa ana iya ɗora Vista ba tare da mabuɗi ba a matsayin gwaji na kwana 30, sannan a sake ɗora ta a kan kanta da mabuɗin ciko, sai ta ɗauki kanta a matsayin tsohuwar da ake nema.

Windows 7 ta ɗan sassauta. Idan aka tayar da kwamfuta da faifan ciko, yakan leƙa rumbun ajiya. In ya ga alamar tsohuwar Windows, to ko an goge rumbun daga cikin shirin ɗorawar, mabuɗin zai karɓu. Wanda ya yi gaggawar goge rumbun tun kafin ya saka faifan, ko wanda tsohon rumbunsa ya lalace ya sayi sabo, shi ne yake cin karo da saƙon kuskure mai lamba 0xC004F061, wanda ma'anarsa ita ce wannan mabuɗi na ciko ne, ba na ɗorawa a kan rumbun da babu komai ba. Mutum ne mai cikakken haƙƙi, amma na'ura ba ta da hanyar sanin haka. Hanyar da aka shimfiɗa masa ita ce ya koma ya ɗora tsohuwar tukuna, sannan sabuwar, aikin da kan cinye yini.

Kwanaki kaɗan bayan fitowar Windows 7, marubuta kan fasaha, ciki har da Paul Thurrott a Amurka, suka wallafa dabarun kauce wa wannan wahala: sauya wata lamba guda a kundin saitin manhajar, ko maimaita dabarar ɗorawa sau biyu. Wani jami'in Microsoft, Eric Ligman, ya mayar da martani a ƙarshen wannan wata na Oktoba, inda ya jaddada cewa yiwuwar abu a fasahance ba ta mayar da shi halattacce, kuma ciko yana nan a matsayin ciko ko wace dabara aka bi. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma idan aka natsu, ɓangarorin biyu ba su saɓa da juna sosai ba. Dabarar ɗaya ce a hannun mutum biyu: mai kwamfutar da ta zo da Vista ta gaskiya yana amfani da ita ya kai ga abin da ya biya, wanda ya harhaɗa sabuwar na'ura kuma yana amfani da ita ya karɓi rangwamen da ba nasa ba.

Kyautar 2015 da ƙofar da aka rufe a 2023

Windows 8 ta zo a watan Oktoban 2012 da ciko mai arha, dala 39.99 zuwa ƙarshen Janairun 2013. Daga Windows 8.1 kamfanin ya koma sayar da cikakken lasisi a kwali. Sai kuma ranar 29 ga Yuli, 2015, aka fitar da Windows 10 tare da ciko mafi girma a tarihin kamfanin: kyauta ga duk mai Windows 7 ko 8.1 ta gaskiya, na tsawon shekara guda.

Tare da wannan kyauta aka sauya hanyar tantancewa. Maimakon mabuɗi, sai na'urorin Microsoft su ɗauki siffar kwamfutar, musamman babban allon cikinta wanda masu gyara ke kira bod, su adana shaidar cewa wannan na'ura tana da lasisi. Daga nan ko sau nawa aka goge ta, in aka ɗora nau'in da ya dace aka haɗa ta da intanet, za ta kunnu da kanta ba tare da an rubuta komai ba. Da farko sai an hau ta kan tsohuwar sau ɗaya kafin a sami wannan shaida. Daga watan Nuwamban 2015 aka yarda a rubuta mabuɗin Windows 7 ko 8 kai tsaye a kan sabuwar ɗorawa. Kyautar ba ta sauya jinsin lasisi ba. Wanda ya samo asali daga na masana'anta yana nan ɗaure da na'urarsa. Nau'i ma gado ake yi: Starter da Home Basic da Home Premium suna komawa Home, Professional da Ultimate suna komawa Pro.

A takarda kyautar ta ƙare ranar 29 ga Yuli, 2016. A aikace kuwa ƙofar ta zauna a buɗe fiye da shekara bakwai bayan haka, kuma babu waɗanda suka ci moriyarta kamar kasuwannin kwamfutocin hannu. Dubban na'urorin Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka biyo ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja suka iso Kano, da yawansu ɗauke suke da sitikar Windows 7 Professional a ƙasansu ko a ƙarƙashin batir. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan kwafi mabuɗin da ke jikin sitikar ya kunna Windows 10 da shi. A watan Satumban 2023 Microsoft ta sanar da rufe wannan hanya. Na'urar da ta riga ta sami shaidarta kafin lokacin tana nan da ita matuƙar ba a sauya mata bod ba. Wadda ba ta taɓa hawa ba kuwa, sitikarta ba ta da sauran amfani sai ga Windows 7 ɗin kanta, wadda aka daina tallafa wa tun ranar 14 ga Janairu, 2020.

Kwamfutocin da aka ƙera daga zamanin Windows 8 zuwa yau ba su da mabuɗi a rubuce a jiki. An binne shi a cikin bod, kuma filashin ɗorawa na asali yakan karanta shi da kansa ya zaɓi nau'in da ya dace. A nan ne ake tafka asarar da ba a lura da ita. Na'ura ta zo da lasisin Home na gaskiya, sai mai gyara ya ɗora mata Pro domin shi ne ke cikin filashinsa, ko domin mai ita ya ji an ce ya fi. Pro ba za ta kunnu da lasisin Home ba, sai a kawo manhajar fasa ƙwauri a tilasta mata. Mai kwamfuta ya biya kuɗin aiki, an ajiye masa halaliyarsa a gefe an ba shi ta bogi, shi kuwa yana godiya.

Ofisoshi da makarantu

Ma'aikatan gwamnati da masu cibiyoyin jarrabawa, waɗanda suka yawaita tun da hukumar JAMB ta koma rubuta jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta a 2015, suna da nasu tarkon. Lasisin sari da Microsoft take sayar wa ma'aikatu da kamfanoni na Windows ɗin kwamfutocin tebur shi ma ciko ne. Yana buƙatar kowace na'ura ta kasance da nata lasisin na tushe, kuma ga kamfanoni da ma'aikatu galibi sai nau'in Pro ne yake cancanta. Makarantu suna da ɗan sassauci. Ɗan kwangilar da ya kawo kwamfutoci hamsin masu arha waɗanda FreeDOS kaɗai ke cikinsu, da nufin a ɗora musu lasisin sari na ma'aikata, ya kawo bene ne babu ginin ƙasa. Za su kunnu, za su yi aiki, amma a takarda ko ɗaya ba ta da lasisi. Jami'in da ke karɓar kaya ya fi kowa bukatar sanin wannan, tun kafin ya sa hannu a takardar biya.

Manyan ma'aikatu suna kunna irin wannan lasisi ta wata na'urar cikin gida da ake kira KMS, wadda take sabunta izinin kowace kwamfuta, kuma izinin yana faɗuwa idan aka yi kwana 180 ba a haɗu da ita ba. Manhajojin fasa ƙwaurin da suka cika filashin masu gyara kwaikwayon wannan na'ura suke yi. Shi ya sa wata biyar ko shida bayan fomat saƙo yakan fara fitowa cewa lasisin Windows ya kusa ƙarewa. Lasisin mutum ɗaya na gaskiya, na masana'anta ne ko na kwali, ba ya ƙarewa. Duk kwamfutar gida ko ta shago da ta nuna wannan saƙo, ta tona asirin abin da aka ɗora mata.

Ana iya bincikawa cikin minti biyu. A shafin saitin Windows akwai sashen da ke faɗin ko manhajar ta kunnu da lasisin dijital. Wanda yake son ƙarin bayani sai ya rubuta umarnin slmgr /dli, zai ga ko lasisin OEM ne, wato na masana'anta, ko Retail, wato na kwali, ko Volume, wato na sari. Umarnin slmgr /xpr kuma yana faɗin ko kunnawar ta dindindin ce ko tana da ranar ƙarewa. Wannan bincike kafin fomat ya kamata a yi shi, ba bayansa ba, a kuma rubuta nau'in da ke kan na'urar a nuna wa mai gyara. Tun daga 2016 ana iya ɗaure lasisin dijital da asusun Microsoft na mai kwamfuta, abin da ke taimakawa wajen maido da shi idan an sauya wani sashe na na'urar.

Matsayin doka

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, ta kuma haramta karya matakan fasaha da mai haƙƙi ya sa don kare aikinsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce take aiwatar da ita. Ta fuskar addini ma an yi magana: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu daraja ta dukiya waɗanda shari'a take karewa.

Gaskiyar magana, babu wanda yake bin gida-gida a Gwarzo yana duba lasisi. Rahoton ƙungiyar masu manhaja ta BSA na 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Windows 11 Home dala 139 ce a shagon kamfanin. A canjin kusan naira 1,500 da aka yi ta gani a 2025, ta haura naira 200,000, kusan albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Hukuncin da ya fi saurin isowa ba na kotu ba ne. Kafin manhajar fasa ƙwauri ta yi aiki sai an kashe mai gadin kwamfuta an ba ta cikakken iko, kuma sau da yawa akan kashe sabuntawa don kada asiri ya tonu. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Birtaniya, ta ɓarakar da Microsoft ta riga ta toshe tun watan Maris ga waɗanda suke karɓar sabuntawa. Ɗan kasuwar da yake shiga asusun bankinsa ta irin wannan na'ura, ko akawun da takardun albashi ke hannunsa, shi ne yake ɗaukar kasadar.

Mabuɗan da ake tallata su a intanet kan kuɗin da bai kai na katin waya ba, yawancinsu an yanko su ne daga lasisin sari ko na masu gwajin manhaja. Suna kunnawa yau, ana iya toshe su gobe.

Bayan Oktoban 2025

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ta buɗe shirin ƙarin sabuntawar tsaro na shekara guda ga ɗaiɗaikun mutane, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Hawa daga Windows 10 ta gaskiya zuwa Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, kyauta ne, kuma ana iya yinsa ta hanyar goge rumbu, Home zuwa Home, Pro zuwa Pro. Shingen yanzu ya koma kan ƙarfin na'ura: ana bukatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ma'ajiyar aiki ta gigabait 4, da rumbu na gigabait 64, da injin Intel na zubi na takwas ko abin da ya biyo baya, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ke shagunan buga takardu na Gwarzo da Kabo zubi na huɗu zuwa na bakwai ne. Akwai dabarun tsallake wannan bincike, kuma lasisin yakan kunnu, amma kamfanin ya bayyana cewa bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba.

Na'urar da ba ta da lasisin tushe kuma mai ita ba shi da halin sayen cikakke tana da wata mafita. Ubuntu da Linux Mint kyauta ne a doka, ana goge rumbu a ɗora su a kan kwamfuta ko nawa ba tare da mabuɗi ba, kuma LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Inda ake samun cikas shi ne CorelDRAW da masu zanen katin biki da kalanda suka dogara da shi, da wasu tsofaffin na'urorin buga takardu waɗanda ba su da manhajar haɗi sai ta Windows.